Wai da gaske miyau na kaska yana da tasiri a kan sauro?

Mamman_Karatu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar ƙwari da cututtuka ya taimaka min. Kwanan nan nake ta jin ana cewa masu bincike na duba miyan bakin kaska wai za a iya amfani da shi a yaƙi sauro mai kawo maleriya da dengi, ni abin ya ɗaure min kai gaskiya, ina kaska ina sauro? Ita tana maƙale a jikin dabba, shi yana yawo a iska, to a ina ma miyan nata zai same shi? Yarana biyu sun sha jinyar zazzaɓi bana shi ya sa duk abin da ya shafi sauro nake bin sa.

Likitan_Dabbobi:
Wa alaikumus salam Malam Mamman, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Amsar a taƙaice ita ce jini, a cikin jini suke haɗuwa. Kaska ba ta tofa wa sauro komai, amma su biyun abinci ɗaya suke ci, kuma matsala ɗaya suke fuskanta wato jini yana daskarewa da zarar an huda fata, ga ƙaiƙayi da zai sa a ankara da su, ga garkuwar jiki da za ta taso.

Bambancin shi ne macen sauro minti biyu uku ta sha ta tashi, ita kuwa kaska mai taurin baya sai ta yi kwanaki har mako ko fiye tana tsotsa a waje ɗaya, ba banza ake mata kirari da raɓi mai jini ba. To wanda zai zauna mako guda a jikin wani ba a ji shi ba ai dole ya zo da shiri. Miyan nata ɗauke yake da ɗaruruwan furotin, akwai mai hana jini daskarewa irin su variegin da aka samo daga kaskar Amblyomma variegatum wadda take damun shanu a Afirka, akwai masu kama sinadarin histamin don kada a ji ƙaiƙayi, akwai evasin masu toshe saƙon da jiki ke aikawa sojojin jini su zo, har da wani abu kamar gam da take liƙe bakinta da shi a fata. Ni wannan abu duk lokacin da na karanta shi sai na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Inda sauro ya shigo kuwa, idan aka yi wa dabba allurar rigakafi da furotin na kaska jikinta zai ƙera garkuwa, garkuwar tana yawo a jini, duk ƙwaron da ya sha jinin ya sha da ita. Akwai wani furotin subolesin a kaska wanda ɗan uwansa a jikin sauro ake kira akirin, sun yi kama sosai, kuma a gwaje-gwajen da ƙungiyar wani mai bincike José de la Fuente ta yi an ga rigakafin yana rage wa kaska ƙiba da yawan ƙwai, a wasu gwajin ya taɓa sauro ma. Sai dai shi wannan furotin a cikin ƙwayoyin halittar jikinta yake aiki, mutane ne ke haɗa shi da labarin miyau su cakuɗa.

Uwar_Biyu:
Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina wani ne daban yaya Mamman, maganar alpha-gal. Wani nau'in sukari ne da jikin ɗan Adam ba ya yin sa amma yana cikin miyan wasu kaska, kuma an same shi a jikin ƙwayar maleriya a matakin da sauro ke zubo ta cikin fata. A 2014 masu bincike a Fotugal suka nuna ɓerayen da ke da garkuwar alpha-gal sun fi tsira daga maleriya bayan cizon sauro, kuma da suka duba jinin mutane a Mali suka ga masu yawan wannan garkuwar sun fi samun kariya. Wannan fa ba sauron yake kashewa ba, cutar da ya ɗauko yake tarewa tun a bakin ƙofa, kuma a wajena wannan ya fi ma muhimmanci don ai ba cizon ne ke kwantar mana da yara ba.

Mamman_Karatu:
Ikon Allah, nagode sosai yaya. To kenan wanda kaska ta taɓa cizo yana da ɗan kariya daga maleriya?

Likitan_Dabbobi:
A'a dan Allah kada kowa ya ɗauka haka, wannan fassarar tana da haɗari wallahi. Garkuwar da aka ga tana taimakawa nau'in IgM ce da IgG, kuma yawanci ƙwayoyin cikin hanji ne ke sa jiki ya yi ta. Cizon kaska kuwa nau'in IgE yake tayarwa, shi ne mai sa mutum ya wayi gari jikinsa ya ƙi jan nama, ya ci bayan awa uku zuwa shida jiki ya feso da borin jini wani har numfashi ya sarƙe, a Amurka da Ostareliya an sha fama da shi. Ga zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai zubar da jini da kaskar Hyalomma ke yaɗawa, ga cutar Lyme, wata cuta da ita ma kaska ke yaɗawa. Shi kansa miyan ne ke share wa cutar hanya, misali furotin Salp15 manne wa ƙwayar Lyme yake ya ɓoye ta daga garkuwar jiki.

Darasin da aka ɗauka daga kaska shi ne a yi rigakafin miyan ƙwaron kansa. A 2021 a jami'ar Yale an yi wa ɓerayen Masar allurar mRNA, wato mai sa jiki da kansa ya ƙera furotin 19 na miyan kaska, wajen cizon ya yi ja da wuri, kaskar ta kasa shan jini yadda ya kamata, waɗanda aka cire musu ita da zarar jan ya fito ba su kamu da Lyme ba. Haka a 2020 aka fitar da sakamakon gwajin farko a jikin mutane na wata allura AGS-v da aka haɗa ta hanyar kwaikwayon furotin na miyan sauro, ta nuna ba ta da wata babbar illa kuma jiki ya yi garkuwa. Duk wannan har yanzu a matakin bincike yake, ba a asibiti ba.

Uwar_Biyu:
Gaskiya ne likita, kuma gara da ka tare maganar da wuri. Yaya Mamman ka dage da gidan sauro mai magani ga yaran kowane dare, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji kafin a ba da magani. In kuma ka ga kaska a jikinsu kada a sa mata wuta ko mai ko a matse cikinta, ka kama ta da ɗan hantsaki daf da fata ka ja a hankali a miƙe, ka wanke wajen da sabulu, ka riƙe ranar a ranka don in zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya ka faɗa wa likita.