Murhun itace na ɗumama gida, zafin yana komawa baya

Salam 'yan uwa, masu zama ƙasashen sanyi don Allah ku taimaka. Ina jihar Minnesota a Amurka, kuɗin gas ya ishe ni shi ne na sayi murhun itace na jona bututunsa da akwatin iska na saman hitar gas, hayaƙin kuma hanyarsa daban. To in fankar murhun ta tashi, maimakon zafin ya hau ɗakuna sai ya koma baya ta cikin hitar ya fito ta ramin zuƙo iska, sama kuwa sanyi kamar firji. An ce in sa marfin nan mai hana iska komawa, a ina daidai ake sa shi? Kuma in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, bututun ba zai ƙona katakon silin ba?