Neman kalma: zaman ƙungiyar ƙwadago da masu kamfani

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina da rahoton rediyo da zan miƙa kafin la'asar, kan yadda dunƙulewar tattalin arzikin duniya ke karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne collective bargaining, wato ƙungiya ta zauna da masu kamfani a madadin dukkan ma'aikata kan albashi da sa'o'in aiki. Yana cikin Yarjejeniya ta 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949. A taimaka.

Hajiyar Labarai: Tattaunawar haɗin gwiwa. Haka muke sawa a ɗakin labarai.

Tsohon Sakatare: Hajiya a gafarce ni, haɗin gwiwa da wa? Mai sauraro zai zaci ma'aikata da masu kamfani ne suka haɗa kai. Kuma tattaunawa ba ta da haƙori. Wannan ciniki ne, a taya, a ƙi, a ƙara. Makamin ma'aikata yajin aiki, makamin mai kamfani yanzu shi ne ya naɗe tabarmarsa ya koma wata ƙasa. Bayan NAFTA, yarjejeniyar cinikayya ta 1994 tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, da barazanar komawa Meziko aka riƙa rufe bakin ma'aikata a Amurka. A 1983 kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar suna cikin ƙungiya, a 2023 saura kashi 10, ko da yake injuna da dokoki ma na da nasu kason laifin. Kalmar da babu ciniki a cikinta ta ɓoye wannan ja-in-ja.

Ɗalibi: To cinikin taron dangi?

Hajiyar Labarai: Haba ɗana. Taron dangi ai zalunci ne, an haɗu an danne mutum ɗaya. Ka mayar da ma'aikata azzalumai ke nan.

Malam Nahawu: Duk kuna zagaye-zagaye. Cinƙwadago. Ciniki da ƙwadago, kalma ɗaya tilo. Na daɗe ina ba da ita, ba a karɓa ba don ba daga gidan rediyon ƙetare ta fito ba.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, kamar sunan maganin tari.

Malam Nahawu: Dariyar nan ita ta hana harshenmu ci gaba. Bature ya ƙera kalma ku haddace, Bahaushe ya ƙera ku yi shewa.

Na Ƙetaren Iyaka: Mu da muka yi karatu da Faransanci ko ƙungiyar ma sandika muke ce mata, kowa na ganewa.

Malam Nahawu: Aron banza!

Na Ƙetaren Iyaka: Malam, lokaci daga Larabci yake, kamfani daga Turanci. Ka fara korar su tukuna.

Mai Fassara: Don Allah malamai, agogo na tafiya.

Tsohon Sakatare: Sa cinikin bai ɗaya, abin da aka sa wa hannu a ƙarshe kuma yarjejeniyar bai ɗaya. Zai yi maka aiki har inda lamarin ya tsallaka iyaka. Bayan ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a 2013, ya kashe mutane fiye da 1,100 mafi yawansu maɗinka, ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa da ƙasa, IndustriALL da UNI, sun sa manyan kamfanonin tufafi fiye da 200 sun rattaba hannu kan yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata. Kamfani ya tsallaka, ƙungiya ta bi sawunsa.

Hajiyar Labarai: Bai ɗaya na iya nufin an yanke wa kowa albashi iri ɗaya. Amma ya fi taron dangi. Ka yi bayani a ambaton farko.

Malam Nahawu: Kalmomi uku a inda ɗaya ta isa. Ku je, za ku dawo.

Mai Fassara: Na sa cinikin bai ɗaya, da bayani a gaba. Na gode. Saura dunƙulewar ita kanta, edita ya ce game-duniya yake so.

Malam Nahawu: Wannan ma ina da kalmarta.