Masu aiki da SSR a Zariya: wane kaya kuka ɗora masa, me kuka gani?

Mai haɗa injin ƙyanƙyasa, Samaru

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina so mu tara abin da kowa ya gani da idonsa game da SSR, rilen nan, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa ya kunna babba, da babu ƙarfe mai motsi a cikinsa, ba ya yin ƙara kuma ba ya tartsatsi. Yanzu ya yawaita a shagunan kayan wuta na Sabon Gari da PZ, yaranmu masu koyon aiki kuma sun ɗauka duk abin da makunni zai kunna shi ma zai kunna, muddin an rubuta 40A a jikinsa.

Ni a kan hita kaɗai na san shi sosai. Hita mai wat 300 a wutarmu ta bolt 230 amfiya 1.3 take ja, kwantirola, na'urar da ke auna zafi, yana kunna ta yana kashewa duk bayan sakan biyu don zafi ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 37.8 har kwana 21 na kaza su cika. A wannan aiki ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Amma a kan famfo da firji da sola, labaran da nake ji sun saɓa wa juna. Don Allah kowa ya faɗi kayan da ya ɗora masa da abin da ya biyo baya.

Mai kiwon kaji, Shika

Wa alaikumus salam. Ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, amma ina da abin faɗa. Injina cike yake da ƙwan Shika Brown, da na zabi a tire na ƙasa, ana gab da fara ƙyanƙyasa. Cikin dare aka yi ruwa da tsawa, aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Da asuba na tarar allon kwantirola yana nuna 46, yana ta ƙyafta alamar haɗari. 'Yar fitilar da ke nuna ya ba hita wuta a kashe take, amma hitar jawur. Sai da na zare filogi ta mutu. Ko ƙwai ɗaya bai fita ba. Abin da ke damuna har yau, kwantirolan lafiyarsa ƙalau, ya ga zafin, ya ce a kashe. To me ya hana?

Malamin lantarki, Gyallesu

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ki shi ya kamata kowa ya fara sani kafin ya sayi SSR. A cikinsa akwai 'yar fitila da kwantirola ke kunnawa da bolt 3 zuwa 32. Haskenta ne ke tada wani ɗan sashe da ake kira tirayak, shi kuma ya bar wutar 230 ta wuce. Babu ƙarafa biyu da ke rabuwa. Idan wuta mai ƙarfi ta bugi tirayak ɗin, ko zafi ya yi masa yawa, yawanci narkewa yake yi ya haɗe, ya koma waya miƙaƙƙiya. Daga nan komai kwantirola ya faɗa babu mai ji. A kunne yake mutuwa.

Shi ya sa ba na barin injin ƙyanƙyasa ko tanda su bar hannuna da SSR shi kaɗai. Nakan sa kontakta a gabansa, wato babban rile mai ƙarfe da koyil ɗinsa ke riƙewa a rufe muddin yana samun wuta, wutar hita ta fara bi ta cikinta. Koyil ɗin kontaktar kuma in bi da shi ta wani tamostat na daban, makunnin da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita shi, wanda babu ruwansa da kwantirola, in saita shi a 39 idan na ƙwai ne. Kontaktar a rufe take kullum, sai ranar da SSR ya haɗe zafi ya haura, tamostat ya saki koyil, ta buɗe. Wasu sukan yi amfani da ƙafafun ƙararrawa na jikin kwantirola. Ya fi babu, amma idan abin auna zafin ne ya zame daga mazauninsa, da kwantirolan da ƙararrawar tare za su makance.

Don daren tsawa irin naki, a haɗa MOV, ɗan abin kariya daga bugun wuta, mai lamba 275 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 na SSR, ya shanye bugun kafin ya kai ga tirayak. Shi ma in ya sha bugu da yawa yakan haɗe, to ga wani dalilin kontaktar. Kada kuma a dogara da birekan gida, don kare waya aka yi shi. Idan hita ta yi shot, wato wayoyinta suka haɗe, tirayak yana iya ƙonewa kafin rabin zagayen wuta ya cika, wato sakan 0.01, bireka bai ma motsa ba. Akwai fiyus mai saurin yankewa da ake yi musamman don wannan. A takardar SSR na kirki za ka ga wata lamba, I²t, dole ta fiyus ɗin ta zama ƙasa da ita.

Tsohon ma'aikacin wuta, Tudun Wada

Malam, in dai sai an sa kontakta, me zai hana a bar ta ta yi aikin ita kaɗai? Mu da ita muka tashi. Tana buɗewa ka ji ƙararta, ka ga ratar da idonka. Wannan na zamani ko an kashe shi wuta na yoyo. An kira ni wani gidan burodi a nan unguwa, yaron da ke canja hita ya kashe kwantirola ya ɗauka shi ke nan. Yana cire wayar ya kama bakinta, ta fizge shi ya faɗo daga kan benci. Allah ya taƙaita. Na ɗora mita a wayar, ta nuna sama da 200 alhali kwantirola a kashe.

Malamin lantarki, Gyallesu

Baba, gaskiyarka a kan yoyo. Akwai kafasito da resisto a cikinsa da ke barin 'yan miliamfiya su wuce ko yana kashe. Duk wanda zai taɓa waya bayan SSR, ya sauke bireka ya gwada da testa tukuna, wannan babu sassauci.

Amma a duba lissafin nan. Kunnawa da kashewa duk sakan biyu, sau 43,200 ke nan a rana. Ƙaramin rile mai ƙarfe, masu ƙera shi sukan ba shi kimanin sau 100,000 idan yana ɗauke da cikakken kaya. Kwana uku ba za su cika ba. Babbar kontakta ta fi haka juriya, amma ita ma ba za ta daɗe a irin wannan bugu ba. Wannan wahalar ita SSR yake ɗauke mata, ita kuma ta tsaya gadi.

Mai gyaran tanda, Ƙofar Doka

Ni zafi ne ya fi kashe min su, ba tsawa ba. Tanda mai hita wat 6,000 amfiya 26 take ja. Duk amfiya ɗaya da ta ratsa SSR tana barin zafin wat 1 zuwa 1.5 a jikinsa, to ka ga sama da wat 30 na iya taruwa a ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, kwatankwacin ƙarfen sodar da muke narka dalma da shi. Yawancin waɗanda ake kira na in canja, a kan katako ko roba nake samunsu, cikin akwati a rufe, a jingine da bangon tandar. Lambar 40A da ke jikinsa kuwa da sharaɗi take, sai an ɗaure shi a kan babban hitsink na alminiyon, ƙarfe mai haƙarƙari da ke janye zafi, iska na ratsawa. Babu hitsink, 'yan amfiya kaɗan kawai zai iya.

Nakan shafa farin man nan da ake sa wa furosesar kwamfuta, siriri, in ɗaure da kusoshi biyu, haƙarƙarin hitsink ɗin a tsaye don iska ta hau. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari ke kusantar 40, ɗakin tanda ya wuce haka nesa, sai da 'yar fanka. Da hunturu kuma ƙura da garin fulawa ke toshe haƙarƙarin, sai na bi masu gidajen burodi ina roƙonsu su riƙa hurewa. Bayan awa guda tana aiki nakan auna gindinsa, in ya haura digiri 70 ban yarda ba. A wannan tandar waya mai girman 6mm² nake sawa, in sake ɗaure kusoshin bayan an yi kwanaki ana aiki, don kusa mai sako-sako ita ma wuta take haifarwa.

Sai jabu. Na fasa wani mai 40A da ya ƙone, tirayak ɗin da ke ciki BTA16 ne, na amfiya 16. Tun daga nan, wanda ban san asalinsa ba ba na ɗora masa abin da ya kai rabin lambarsa.

Mai haɗa famfon burtsatse, Hanwa

Oga na Ƙofar Doka, kai kayanka ma mai sauƙin hali ne, hita abin da take ja da farko shi take ja har ƙarshe. Sumo mai doki ɗaya amfiya 5 zuwa 6 yake ja yana gudu, amma lokacin tashi yakan ninka haka sau 5 zuwa 7. Idan wuta ta yi ƙasa kuma ya daɗe yana fama kafin ya tashi. Wani gida aka sa masa SSR mai 25A don tanki ya riƙa cika da kansa. Ya haɗe, tanki ya yi ta ambaliya, ruwan rijiyar ya janye, sumo ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Sai da muka zaro shi.

Famfo sau nawa yake tashi a rana? Bai kai a nemo masa SSR ba. Kontakta da obalod nake sawa, na'urar da ke yanke wuta idan famfo ya ja fiye da kima. In mai gida yana son sarrafawa daga waya, sai ƙaramin SSR ya kunna koyil ɗin kontaktar kawai. A nan ma na ga yoyon da Baba ya faɗa, wata ƙaramar kontakta ta riƙa gurnani bayan an kashe, ta ƙi saki sosai, sai da aka haɗa resisto a gefen koyil ɗin.

Mai gyaran firji, Sabon Gari

Kada a haɗa kwamfireso da kwantirolan hita. In ya tsaya yana buƙatar minti 3 zuwa 5 iskar ciki ta daidaita kafin ya sake tashi. An kawo min firizar wata mai ƙanƙara da zoɓo da aka yi wa wannan haɗin, kwamfireson ya gama ƙonewa. Akwai kwantirola na sanyi mai jinkirin tashi, shi ake nema.

Mai haɗa sola, Palladan

A duba haruffan da ke bayan lamba. DA na wutar AC ne, DD na wutar batir. Tirayak ba ya sakin wuta sai ta sauko sifili, wutar gida kuma tana yin haka sau 100 a kowane sakan. Wutar batir ba ta saukowa. Na je wata gona a hanyar Basawa inda aka sa DA a kan famfon bolt 24, ya kunnu lafiya, kashewa ta gagara har batir ya zube.

Shi ma DD da ƙa'idarsa. In ka juya masa fositif da negatif, wuta za ta yi ta wucewa ko ba a kunna shi ba. In kayan mai koyil ne, inji mai juyawa ko bawul, a haɗa diyod, abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a gefensa a juye, don bugun da ke dawowa lokacin kashewa. 1N4007 ya ishi ƙaramin koyil, famfo kuwa sai babba. A kuma karanta iyakar bolt ɗinsa kafin a kai shi layin farantin sola, faranti da yawa a jere sun fi ƙarfin wasunsu.

Ɗalibi, Zango

Iyayena a sana'a, ina da biyu. Na haɗa SSR da ESP32, ƙaramin allon sarrafa na'urori, don fitilun ɗaki, ƙwayayen LED suna ƙyaftawa a duhu bayan na kashe. Na kuma gwada shi a kan cajar batir mai taransifoma, bireka na faɗuwa wani lokacin da na kunna.

Malamin lantarki, Gyallesu

Ɗana, na farko yoyo ne ke cika kafasiton da ke cikin ƙwan, ya haska ya mutu. Haɗa kafasito nau'in X2 mai maikrofarad 0.47 a gefen fitilun, ko ƙaramin ƙwai mai zare. Ka lura kuma ESP32 bolt 3.3 yake bayarwa, gab da ƙasan abin da SSR ke nema, gara ka sa taransisto ka tura masa 5.

Na biyu ya fi muhimmanci. Yawancin na kasuwa suna jira wuta ta zo daidai sifili sannan su kunna. Hita da fitila mai zare suna son haka. Taransifoma kuwa nan ne mafi munin lokacin kunna shi, ƙarfen cikinsa yakan ƙoshi ya fizgi wuta ninkin-ba-ninkin. Akwai nau'in da ke kunnawa nan take, akwai wanda ke jiran ƙololuwar wuta, da su ake yin wannan aikin. In ba ka samu ba, sa rile mai ƙarfe. Injin walda kuwa kada ma ka fara.

Mai kiwon kaji, Shika

Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. In an sa min kontaktar da tamostat ɗin, ta yaya zan tabbatar suna aiki kafin in zuba ƙwai?

Mai haɗa injin ƙyanƙyasa, Samaru

Hajiya, ki sa mai aikin ya gwada a gabanki, injin babu komai a ciki. Ya zare filogi, ya haɗa ƙafa ta 1 da ta 2 na SSR da guntuwar waya, kamar dai ya haɗe, sannan ya mayar da wuta. Ki sa ma'aunin zafi na daban a tire ki zuba ido. Yana kaiwa 39 ya kamata ki ji kontaktar ta buɗe, hita ta mutu. In ya kai 40 ba ta buɗe ba, a sake saita tamostat ɗin ko a matso da shi kusa da tire na sama, a sake gwadawa. Bayan nan ya zare filogi ya cire guntuwar wayar, ki karɓe ta a hannunki kafin ya rufe akwatin.