Ɗan maigida na so mu hau dutse da kare cikin wannan zafin, ku ba ni shawara

Abu Yasir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya abin nan ke cin raina. Ni direban gida ne a nan Riyad. Da na zo, aikina kai yara makaranta da kai uwargida kasuwa, babu maganar kare a yarjejeniyarmu. Babban ɗan maigida ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, wai zai riƙa gadin istiraha, wato gidan hutun da suke da shi a bayan gari. Bai jima ba ya tafi karatu Ingila ya bar shi. Mai gadin wurin tsoronsa yake ji, abinci ma daga nesa yake jefa masa, shi ya sa maigida ya ce in riƙa leƙawa. Daga leƙawa sai ya zama ni ke kai shi allura, ni ke sayo abincinsa, ni ke cire masa kaska. Yanzu in ya ji ƙarar motata, kafin in karyo kwana yana tsaye bakin ƙofa. Na san wasu za su ce me ya haɗa ɗan Musulmi da kare, to amana ce aka bar mini.

Yaron ya dawo hutu da abokansa biyu, ya ce ranar Juma'a zan kai su Jabal Fihrain, wurin nan da suke kira ƙarshen duniya. Mu tashi bayan an sauko daga masallaci, su taka bisa gaɓar dutsen, su gangara ƙasa, su hauro su ɗauki hoton faɗuwar rana. Kuma dole da karen. Na ce masa akwai zafi, ya ce a can Ingila kowa da karensa yake hawa dutse. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ba na son abin da zai ɓata tsakanina da gidan. Ruwa nawa zan ɗauka? In ya galabaita me zan yi masa?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ba ka faɗi irin karen ba, ba ka faɗi girmansa ba. Salugi ne, wato karen farautar Larabawa, ko na Turawa?

Abu Yasir:
Irin na 'yan sanda ne, jaman shefad, mai gashi da baƙin baya. Da aka auna shi wajen likita ya ɗan haura kilo 30.

Baffa Na-Ƙasim:
Yaro, tambayar da ka yi ba ita ce tambaya ba. Kana tambayar ruwa nawa, ni kuma ina ce maka kada karen nan ya shiga mota ranar Juma'a. Na yi rayuwata a gonakin yankin Ƙasim da ke nan Saudiyya cikin raƙuma da salugai, na ga yadda rana ke kashe kare, kuma ba ta ɗaukar lokaci.

Ka saurara. Kai in ka ji zafi gumi kake yi ta ko'ina, iska ta buga ka ka samu sauƙi. Kare ba shi da wannan, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, sauran duk da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya haura 41 ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun fara taɓuwa. To yanzu muna Yuli, iskar Riyad da rana tana kai 44, 45. Ka ga iskar da yake shaƙa don ya huce ta fi jikinsa zafi. Sannan kansa kusa da ƙasa yake, tururin da ke tashi daga dutse shi ke shaƙarsa, kai kana can sama da takalmi da hula.

Ita kanta hukuma ta hana a sa ma'aikaci aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mutum ke nan mai gumi, mai bakin cewa na gaji. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ai la'asar za ku isa. Dutsen da ya wuni yana shan rana, da la'asar ma yana ƙuna. Wurin nan na san shi, yana cikin jerin duwatsun Ɗuwaiƙ, wajen kilomita 90 daga Riyad, ƙarshen hanyar babu kwalta. A saman gaɓar babu inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya, itatuwan ƙayan duk a kwari kuka baro su. Sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa. In kare ya faɗi a can, kafin ka kai shi wajen likita a gari an gama.

Abu Yasir:
Na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Amma ba wai ban san karen ba ne. Da sanyi na fita da shi bayan gari mun yi tafiya mai nisa, ko gezau bai yi ba. Yana da ƙarfi sosai, kuma a nan aka haife shi, ya saba da zafin ƙasar.

Baffa Na-Ƙasim:
Janairu kake ba ni labari ina maka maganar Yuli. Kuma ƙarfin nan shi ne abin tsoro. Irin wannan karen ba ya tsayawa in ubangidansa na tafiya, zai bi ku har ya kife. Salugi ma da aka halitta don wannan ƙasa, siriri mai gajeren gashi, Larabawan ƙauye ba sa fita farauta da shi tsakar bazara.

Sani Mai Shayi:
Ni abin da ke ba ni haushi yadda aka mayar da mu. An ɗauko ka direba, ka koma mai wankin kare, kuma na rantse ko riyal ɗaya ba a ƙara maka ba. Ni ma haka aka yi mini, aka kawo ni a kan aikin kanti, na ƙare ina kwashe kashin tumaki a wata gona, albashi sai ya yi wata biyu bai fito ba. Da na yi magana kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar, ya ce in ban so ga hanya. Wata rana ma aka ajiye ni cikin rana da jarka ɗaya tun safe har magariba, babu wanda ya tambayi ruwa nawa zan sha. Yau ga shi ana lissafin ruwan kare.

Malam Habibu:
Sani, Allah ya saka maka, amma kada zaluncin da aka yi maka ya sa ka ƙi tausayin dabba. Hadisi ingantacce ne, mutumin da ya ga kare na lasar ƙasa don ƙishi, ya sauka rijiya ya cika huffinsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sai dai Abu Yasir, ka duba wani gefen. An yi rangwamen riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Na hoto da yawon shaƙatawa ba ya ciki. Kuma yana shiga motar da kake zama da kayan sallarka.

Abu Yasir:
Malam, karen gadi ne, a istiraha yake kwana ba a cikin gida ba. Kuma mu a gida Malikiyya muka tashi a kai, an karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne. A bayan mota nake sa shi bisa leda. Don Allah a bar wannan gefen, ba shi na kawo ba.

Ɗan Gadarif:
Ni ban ga abin tayar da hankali haka ba. Mu a Sudan makiyaya da karnukansu suke keta daji, kuma zafinmu bai gaza na nan ba. Dabarar ita ce lokaci. Ana tafiya da asuba ko da dare, rana na ɗagawa kowa ya nemi gindin itace, karen ya tona rami a ƙasa mai sanyi ya kwanta. Ka ce wa yaron a mayar da tafiyar asuba. Yanzu kafin biyar da rabi rana ta fito, ku kasance a can lokacin, bakwai ta yi muku a mota. Ka kifa bayan hannunka a kan dutse ka ƙirga bakwai, in ba ka iya jurewa ba shi ma ba zai iya takawa ba. Ka aske masa gashin nan kuma ya sha iska. Ka riƙe shi da igiya, gaɓar tana da zurfi, ga kunama da maciji a ƙarƙashin duwatsu.

Baffa Na-Ƙasim:
Maganar asuba da igiya na yarda, ita ma don babu yadda za a yi ne. Amma kada ka kuskura ka aske shi. Gashin irin wannan karen hawa biyu ne, na saman shi ke tare masa rana, in ka kwashe fatar ce za ta ƙone. Ka taje shi da kyau na cikin da ya mutu ya zube, shi ke nan. Kuma karen makiyayi da ya tashi a daji daban, wanda ke wuni a inuwar istiraha daban.

Tun da ka nace sai ka ji na ruwa: kare mai kilo 30 yana zaune ma yana shan kusan lita biyu a yini. Na sha daban, na zuba masa a jiki daban, kada ka ɗauki ƙasa da lita goma nasa shi kaɗai, kuma a cikin kula, don jarkar da ta zauna a bayan mota ruwan wanka take komawa. Ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tun bai nema ba. Ka sa ido a bakinsa. In harshen ya zazzago ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri yana dalala, dasashi ya rine, ko ya fara neman raɓewa jikin dutse yana ƙin tashi, tafiya ta ƙare. In ya kai ga tangaɗi ko amai, kun makara sosai. Ka zuba masa ruwa a ciki da matsematsi da hammata da ƙafafu, ka sa shi gaban esi, ka kama hanyar likita ko da ka ga ya farfaɗo. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin. Ruwa mai sanyi, ban da na ƙanƙara.

Maman Iman:
Baffa a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. Gidan da nake aiki suna da karnuka, kuma abin da likitansu ya ce mana shi ne in kare mai ƙuruciya da lafiya ya faɗi don zafi, duk ruwan da ya fi sanyi a hannunka ka kwarara masa nan take, jinkiri ne ke kisa. Kuma akwai takalman kare a shagunan dabbobi, suna hana tafin ƙafa salewa.

Baffa Na-Ƙasim:
'Yata, ni abin da na gani da idona nake faɗa. Takalmi kuwa, karen da bai taɓa sawa ba ranar farko fizge shi zai yi, kuma ba ƙafa ce za ta kashe shi ba.

Abu Yasir:
Na yi wa yaron maganar asuba ɗazu, ya ce abokansa ba sa tashi da wuri, kuma faɗuwar rana suke so. Ina ganin zan bar shi cikin mota da esi a kunne har rana ta yi sanyi, sannan in fito da shi a yi hoton kawai, ba zai gangara ƙasa ba. Ai wannan ba laifi ko?

Baffa Na-Ƙasim:
In kun isa can yaron ya ce a fito da shi, kana iya hana shi gaban abokansa? Abin da ka kasa faɗa a cikin gida ba a bakin dutse za ka faɗa ba. Ka je wajen uban yau, ka ce ranka ya daɗe karen nan zai iya mutuwa, ina so ka sani tun yanzu. Ko ka sa likitan da ke masa allura ya kira yaron.

Sani Mai Shayi:
Ya je wajen uban ya kai ƙarar ɗa, ga iƙama a hannunsu? Baffa kai ka san mutanen nan. In karen ya mutu shi za a ɗora wa, in ya yi magana ya zama mai baki. Ni da na kai ƙarar ɗan kafilina kan mota, wata guda ba a gaishe ni ba.

Abu Yasir:
Maigida ba ya gari sai Asabar, kuma ba a kiransa kan irin wannan. Yaron ba mugu ba ne, yana son karen, bai san zafin nan ba ne kawai. Na riga na sayi kula babba. Maman Iman, takalman nan nawa ake sayar da su, kuma ta yaya ake gane lambar ƙafarsa?