Wai me za mu kira hiking da Hausa? Ni dai ina kan tattaki

Salam 'yan uwa. Maganar nan a guruf ɗinmu na mazauna Bronx aka fara ta, an kasa tsayawa a kan abu ɗaya shi ya sa na kwaso ta na kawo nan ko a samu masu raba gardama. Sanarwa ake so a rubuta da Hausa cewa za a kwashi yara da iyayensu a je hiking, sai aka tsaya cak a kan kalmar, kowa da tasa kuma kowa yana ganin tasa ce daidai.

Bari in fara da kwatanta abin don waɗanda ke gida su san me muke nema wa suna. Wurin sunansa Ward Pound Ridge, gandun daji ne mallakar gundumar Westchester da ke arewa da Bronx a jihar New York, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Faɗinsa ya haura eka 4,000, shi ne mafi girma a wuraren shaƙatawar gundumar. Ba zaki ba giwa, barewa ce da kurege da talotalon daji. Akwai ruwa mai suna Cross River da ya ratsa ta ciki, sunan dai na kogi ne amma in ka tsaya a bakinsa ƙorama za ka kira shi, ruwa garau yana bin duwatsu. Mutum zai ajiye mota ya ɗaure takalmi ya goya jaka da gorar ruwa, ya kama wata 'yar siririyar hanya cikin itatuwa ya yi ta tafiya awa biyu uku har huɗu, hawa da gangara, ya tsallake saiwoyi ya bi bakin ƙoramar, ƙarshe ya zagayo inda ya bar motarsa a gajiye. Ba wurin kowa ya je ba, bai sayo komai ba, kuma murna yake. To wannan abin nake so mu raɗa wa suna.

Lokacin kuwa babu gardama, kaka ce. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshenta ganye ke juyawa, kwana ya gajarta sanyi ya fara shigowa sai itace ya daina yin koren sinadarin nan da ganye ke dafa abinci da shi, ruwan ɗorawar da dama yana ɓoye a ƙarƙashi ya bayyana, wasu itatuwan kamar mapul su yi ja wur. Wani ya ce kaka ai girbi ce, eh girbin ne, su ma nan lokacin suke cire kabewa da tuffa, don haka kalmar ta zauna daram.

Yanzu ga abin da aka kawo. Na farko yawo. Haba jama'a. Ka ce wa dattijo za ka kai masa jikoki yawo a daji ka ga kallon da zai maka. Yawo a bakinmu tafiya ce marar kai, ɗan yawo, yawon banza, yawon ta zubar, duk ba yabo ba ne. Shi kuwa mai hiking tun daga gida ya san hanyar da zai bi da tsawonta da lokacin fitowa, da taswira a aljihu. Akwai ma wani labari a gandun nan da ya sa na ƙara raba su biyun a raina. A ƙarni na 19 an yi wani mutum da ake kira Leatherman saboda kayan fata da ya ɗinka wa kansa daga sama har ƙasa, yana zagaye tsakanin kogin Hudson da kogin Connecticut, mil 365 cikin kwana kamar 34, ya gama ya sake, yana kwana a kogunan dutse har ya mutu a 1889, wani kogo daga cikinsu yana cikin gandun nan har yau ana zuwa gani. Shi wannan ba gida ba aiki, in ka ce yawon duniya yake ban musa ba. Amma wanda ya taso daga Bronx ranar Asabar don ya ga kogon ya koma gida kafin isha, shi da Leatherman ba abu ɗaya suke yi ba.

Hajiyarmu ta ce shan iska. Hajiya Allah ya ƙara girma, shan iska da silifas ake yinsa bayan la'asar a bakin layi, in muka rubuta haka wlh wasu da takalmi mai tsini za su zo. Yawon buɗe ido kuma ana yinsa a mota ko a jirgi, ƙafa ba sharaɗi ba ce. Kilisa ta doki ce. Sassarfa gudu-gudu ce. Hawan dutse ya yi kusa a wasu wuraren amma hanyar bakin ƙorama ina dutsen da za ka hau. Wani matashi ya ce taka sayyada, an sha dariya, ai mai taka sayyada kuɗin mota ne ba shi da shi, nan kuwa da motarka ka je ka ajiye ta da gangan.

Tattaki fa? Ku duba abin da ke cikin kalmar. Daga taka ta fito, ke nan ƙafa dole. Akwai nisa a cikinta, ba a cewa na yi tattaki zuwa shagon ƙofar gida. Akwai wahala wadda mutum ya ɗora wa kansa da niyya, shi ya sa in baƙo ya zo daga nesa ake cewa ya yi tattaki musamman, yabo ne. Ƙafa, nisa, niyya, gajiya ta ganin dama, to me ya rage a hiking ɗin da babu a nan.

Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa. Wani Malam daga Zariya ya rubuto cewa shi in ya ji tattaki tutoci yake gani da jerin mutane a bakin titi, wani kuma ya tuno da 2015 da aka yi ta takawa zuwa Abuja don murnar zaɓe. Gaskiyarku Malam, kalmar ta sha siyasa da addini a shekarun nan. Amma kun lura kullum da jela ake faɗinta, tattakin lumana, tattakin goyon baya, tattakin nuna ƙin amincewa, jelar ce ke faɗin irinsa. To mu ma mu sa tamu jelar, tattakin daji.

Nan ne fa inda ni kaina na ɗan yi jim. Daji a yau ba kalma ce mai daɗin ji a Zamfara ko Katsina ba, ka yi wa tsohuwa waya ka ce gobe za mu shiga daji da yara, ba za ta yi barci ba. An kawo kurmi, kuma ta fuskar itatuwa ya fi dacewa don wurin a rufe yake da inuwa, sai dai Bahaushe in ya ce wane ya tafi kurmi kudu yake nufi, Ikko ko Ibadan. An kawo dawa, a baki lafiya lau amma a rubuce tattakin dawa sai ka ɗauka hatsi ake tattakewa. Tattakin shaƙatawa ma ba laifi, ya dai yi tsawo kuma bai ce komai a kan itatuwa ba. Ni dai na zaɓi daji, tunda gandun dajin Yankari muke cewa ba wanda ya firgita, kuma ba na so mu sallama wa 'yan bindiga kalmar gaba ɗaya. In da tsohuwa kake magana sai ka ce tattaki a gandun daji, gandun nan yana kwantar da hankali.

Ku gwada a baki ku ji: gobe muna da tattakin daji. 'Yan tattaki su haɗu ƙarfe takwas. Ban taɓa tattaki da kaka ba. Yana tafiya.

Tunda 'yan tafiyar na karantawa, a sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, akwai kaska a ciyawa da busasshen ganye, kuma manyanta da kaka suke tashe, ita ke kawo ciwon Lyme, in an dawo gida a duba jikin yara har bayan kunne. Ganyen da ya zuba kuma yana rufe dutse, in ya jiƙe santsi gare shi. Sannan daga Lahadin farko ta Nuwamba ana mai da agogo baya, kafin biyar rana ta faɗi, azahar da la'asar duk a cikin daji za su same ku, a riƙo darduma.

Sai ita hanyar. Wani Yaya daga Maraɗi ya ce turba, na karɓa hannu bibbiyu, turbar tattaki, turbar bakin ƙorama. An so a ce burtali, kuma abin mamaki akwai wuraren da ya yi kama, don gandun nan gonaki ne a da, har yau katangun duwatsun da manoma suka jera suna nan cikin itatuwa, wani lokacin turbar tsakaninsu take bi. Amma burtali na shanu ne Yaya, a bar musu abinsu.

Wanda har yanzu ba mu samu ba shi ne sunan ɗan tabon launin nan da ake sawa a jikin itace, ja ko kore ko shuɗi, kowace turba da nata, shi kake bi don kar ka ɓata. Alama ta yi faɗi da yawa, tambari kuma sai ka ce na kamfani. An ce shaida, an ce zane. Mafarauta da makiyaya na gida, me kuke kiran saran da ake yi wa itace don a gane hanya?