Shin a fara kallon shirin talabijin na Doctor Who da “Blink”? Abin da masoya shirin suka ce

Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda “Blink”, kashi na 10 a zango na 3 da BBC ta haska a 2007, ya dace da sabon shiga: minti 45 ne, kuma labarinsa a dunƙule yake.

Sai dai akwai tarko. Dakta, jarumin shirin mai tafiya tsakanin zamunna, wanda David Tennant ke fitowa a matsayinsa, ya maƙale a 1969, don haka fitowarsa kaɗan ce. Sally Sparrow ce ke jan labarin, sai baƙo ya ɗauka ita ce jaruma, alhali ba ta sake fitowa. A gaya masa tun farko, sannan a koma “Rose” na 2005, kashi na 1 a zango na 1.

Masoya shirin sun fi jaddada wurin da Sally ke magana da Dakta ta faifan DVD. A kunna rubutun ƙasan allo, domin shi yana karanta amsoshinta ne daga takardar da Larry, abokin Sally, ke rubutawa a lokacin da take maganar. Wanda wannan ya wuce shi, ƙarshen zai ruɗa shi.

Kada a tsallaka zuwa kashin 2010 na gumakan Weeping Angels, wato dodannin “Blink”: can har wuya suke karyawa, a “Blink” kuwa mayar da mutum zamanin baya kawai suke yi. Ƙananan yara, a kalla tare da su da rana.