"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": har a makarantar fada-fada?

Gwaggon Kassala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena da yaƙin 2023 ya kora daga Hartum yanzu yana Yuganda da iyalinsa. Ya sama wa ɗansa mai shekara 13 gurbi a makarantar kwana ta 'yan Katolika, maza zalla, ya turo min takardar dokokinsu: tashi tun gari bai waye ba, aski ƙwal, ba waya, ba abincin gida sai ranar ziyara, ba taka ƙofa sai da takardar izini. Na ce masa wannan ai gidan yari ne. Sai ya ce, "Yaya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ni a kan tarbiyyar gida na san maganar nan. Tana hawa kan inda baƙi ne ke riƙe da ɗan mutum?

Tsohon Ustaz, Sinnar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tana hawa, ni shaida ne. A dahiliyyar abuna-abuna, wato makarantar kwana ta fada-fada, na yi sakandare. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a bishiyar nim, shi ke ta da mu, shi ke kai mu aji, shi ke kiran fatur, wato karin kumallo, shi ke kwantar da mu. Kafin ka fita sai ka ja zanin gadonka ya miƙe tsaf, ka jera takalmi a ƙarƙashi. Abuna zai bi layi, in ya ga gado a yamutse ba ya cewa uffan, sai ya yaye zanin ya aje a ƙasa, ka dawo ka sake, abokanka kuwa sun riga ka kan ful, dafaffen waken da muke karyawa da shi. Da dare akwai zaman karatu, ko tari ka yi sai an waiwayo. Bayan an kashe fitila ba magana sai safiya.

Abinci ful ne da adas, wani ɗan ƙaramin wake, adas da ful, har ka riƙa mafarkin kisrar gida, gurasarmu ta dawa. Amma abin da ya tanƙwara ni ba bulala ba ce. Duk sammakon da muka yi, abuna ya riga mu tashi, ya yi addu'arsa, yana tsaye bakin ƙofa da tocila. Yau ga furfura ta cika min kai, ban iya fita ɗaki na bar gado a yamutse ba.

Ɗan Maiwurno:
Baba Ustaz, a gafarce ni, gyaran gado ba shi ne hali ba. Ni dahiliyyar gwamnati na yi, tsarin kusan ɗaya ne. Yaran da suka fi kowa ladabi a gaban malami su ne suka san inda katanga ta fi gajarta. Da an ba da hutu sai barci har rana ta take. Kuma ba ku faɗi wanda ke mulkin ɗakin kwana bayan malami ya juya baya ba: manyan ɗalibai da alfa mai rubuta sunan masu surutu. Ƙaramin yaro ya wanke musu kaya, ya ba su sukarinsa, in ya kai ƙara ya shiga uku. In ya yi kuka a gida a ce masa icce tun yana ɗanye. Yawanci inda nake jin karin maganar nan ke nan, wurin rufe bakin yaro. Ni na fi yarda da hali zanen dutse.

Alaramma na Gadarif:
Hajiya, batun gidan yari dai mu ba mu da bakin faɗa. Mu da muke kai yara halwa, wato makarantar allo, tun ba su iya wanke rigarsu ba? A je Um Dubban ko Hamashkoreb a gani, almajirai na tashi cikin duhu su kewaye wutar tuggaba da allunansu, su yi shekaru ba su ga gida ba. Tsanani bai dame ni ba, kuma maganar tana da tushe, tunda hadisi ya ce a umarci yaro da salla yana ɗan shekara 7. Abin da ke raina wata maganar ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In iccen ɗanye ne, to duk hannun da ya riƙe shi, can zai karkata. Wa zai ta da yaron nan sallar asuba? Wa zai ba shi sahur?

'Yar Madani:
Allah gafarta Malam, ba kowa farin kan ke kamawa ba. Kwalejin Komboni ta 'yan Katolika a Hartum, a 1929 aka kafa ta, an sa mata sunan Bishop Daniel Komboni, ɗan Italiya da ya rasu a Hartum a 1881. 'Ya'yan Musulmi da yawa sun bi ta cikinta. Sadiƙ al-Mahdi a can ya fara sakandare kafin ya wuce Kwalejin Victoria ta Iskandariyya, ya fito ya yi firaministan Sudan sau biyu, ya zama limamin Ansar, mabiya Mahadi. Ko a 1964, da gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan daga Kudancin Sudan, makarantun Komboni na Arewa sun ci gaba da aiki, iyaye ba su daina kai yara ba.

Alaramma na Gadarif:
'Yata, wanda kika kawo misali da shi daga gidan Mahadi ya fito, ya yi halwa kafin ya ga allon abuna. An riga an tanƙwara shi a gida. Kin ƙarfafa maganata ne.

Baƙo daga Kafancan:
Ku ba ni dama, ni Kirista ne, aiki ya kawo ni Sudan, kuma irin makarantar nan na yi a Najeriya. Tsoron Malam ba na banza ba ne, don addini a cikin jadawalin yake. Akwai Mas, wato ibadar cocin Katolika, da safe, akwai addu'ar Anjelus da ake kaɗa wa ƙararrawa ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, duk inda ta same ka sai ka tsaya cak, ko ƙwallo kake bugawa. A azuminmu na kwana 40 ba nama ran Juma'a. Wasu makarantun suna barin Musulmi su zauna a aji lokacin Mas, su ba su wurin salla, wasu kuwa sai kowa ya shiga coci ko da zama ne kawai. Kowace da nata, sai an tambaya.

Ɗan Maiwurno kuma, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma su kansu fada-fada sun san da shi. Don Bosco, wanda ya tara yaran titi a birnin Turin ya kuma rasu a 1888, tsarinsa shi ne a tare laifi kafin ya faru maimakon a jira a hukunta. Ya ce malami ya kasance cikin yara a filin wasa da wurin cin abinci, kada ya koma ɗaki ya bar su. Mu wani burada ne, cikin masu hidimar coci, ke kwana a lungun ɗakinmu, labule kaɗai ya raba mu. Shekarar da aka ɗauke shi ba a kawo wani ba, a shekarar na fara wanke wa siniya safa.

Tsohon Ustaz, Sinnar:
Mu a aji muke zama lokacin cocinsu, da azumi kuma mai dafa abinci, Musulmi ne, yakan aje mana namu har magariba. Ɗan Maiwurno, barcin hutu ni ma na yi shi, har mahaifiyata ta ce ko ciwo nake. Yaro ne, gajiya ce. Abin da makaranta ta dasa ba a hutu ake ganinsa ba, sai ran da ka kama aiki ba mai kaɗa maka ƙarfe. Zanen dutsen da ka ce kuwa, da haka ne da ba wanda zai ɓata kuɗinsa kan makaranta, har iyayenka.

Ɗan Maiwurno:
Na ji, Baba, na janye rabin maganata. Rabin da na riƙe shi ne, duk mai jawo karin maganar nan ya faɗi hannun wa zai miƙa iccen. Gwaggo, ki ce wa Kawu ya bar takardar dokoki, wannan ko'ina haka take. Ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin kwana, ya tambayi wane babba ke kwana a ciki, ya nemi wani yaro Musulmi da ya shekara a can ya ji daga bakinsa yadda ya yi azumin bara. Kuma ya ji wa yaro zai kai wa kuka in siniya ya matsa masa, tunda an hana waya.

Alaramma na Gadarif:
A ƙara da Juma'a. A ji ko ana barinsu fita masallaci, da rakiyar wa.